Layi na Bakwai

Arzika ya taso daga Kwalkwalawa tun asuba,
da baƙar leda ɗaure a ƙahon keke.
Ya ce, "Kashin Barsu ne. Kwana tara yana zawo.
Zomo ya gitta gabansa, ko kunne bai ɗaga ba."
Ya aje, yana kallon ƙasa
kamar ya kawo mini abin kunya.

Na duba a madubin awo: ba kowa.
Ita wannan ƙwaya ba ta son iska, ba ta son ido,
siririya, murɗaɗɗiya kamar tufkar kaba,
takan kafa kai a bangon hanji ta yi lamo.

Sai na bi sawu.
Na narka, na tace, na ɗebo zaren halittarta,
ɗigo ɗaya na ba na'ura.
Ta gasa, ta huce, ta gasa,
ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu;
a zagaye na ashirin aka ɗauke wuta.
Na zagi janareta, Allah ya yafe mini. Muka sake.

Bayan la'asar, a ɗakin duhu,
layi na bakwai ya yi ɗan tsage mai ƙyalli.
Ga ki nan.

Na iske Arzika na gyangyaɗi gindin dogon yaro.
Na ce, "Na ga sawunta."
Ya ce, "Babba ce?"
Na rasa yadda zan auna masa da yatsu.
Ya ninke takardar magani cikin hula,
ya ce, "Ashe ke ma kina farauta."