Numfashin Laka

Barira ta zo hutu daga Maradi,
da mazurari da kwalabe uku cikin jaka.
Ta ce, "Kawu, kai ni bakin tabki,
gefen da bado ke ruɓewa,
inda ƙafa ke nutsewa har ƙauri."

Shekara arba'in ina su a Madarumfa.
Kumfar da ke tasowa in na kafa gora,
ubana ya ce mini gaiwa ce ke minshari.
Ban taɓa tambaya ba.

Ta naɗe zane, ta kifa mazurari,
ta ce in zunguri ƙasa.
Na zungura. Laka ta yi gyatsa,
warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hanci,
kwalba ta amayar da ruwa, ta cika da babu.

Sai ta ƙyasta ashana.
Wuta shuɗiya a bakin kwalba,
wutar da ta kwana ƙarƙashin ruwa!
Na ja da baya har na taka komata.

Ta yi dariya, ta ce, "Ba gaiwa ba ce.
Wasu halittu ne, ido bai kama su,
dubu na iya zama kan tsinin allura.
Can ƙasa, inda iska ba ta leƙawa,
suke tuwo da mataccen ganye,
su ci, su huro wannan.
A lakwal metan muke ce mata.
Na sama da su, masu zama fatar laka,
suna tare wata su lashe.
Wadda ta tsere ta hau sama,
ta zama bargo, ta hana zafi fita."

Na tuna bazarar bara,
da muka kwana tsakar gida muna juyi,
tabarma kamar tanda.

Na ce, "To, a ƙafar da tabkin ke nan?"
Ta ce, "Kul!
Abin da laka ta binne ta riƙe
ya fi wanda take saki.
In ta bushe, rumbun ya fashe."

Ta tafi ran Lahadi da kwalabe biyu,
ta bar mini mazurari.

Yanzu in na kafa gora da asuba,
kumfa ta taso tana ƙus-ƙus gefen jirgi,
sai in sassauta hannu.
Ashe gari guda nake takawa,
ban taɓa yi musu sallama ba.