Ramin Nomau

Mai kabu-kabu ya sauke ni a gindin aduwa,
ya ce daga nan sai ƙafa, taya ba ta shiri da tsakuwa.
Tungar Janyau ke nan.
Tsauni uku a bayanta, kawunansu a baje
kamar an kifa musu faifai,
a gabanta hanyar tifa
da ƙarangiya ta cinye tun da daɗewa.

A nan ubana ya yi shekara goma sha ɗaya a cikin ƙasa,
yana tonon farin dutsen nan mai ƙyalli
da ake kai wa masu siminti.
Mu muna Sakkwato. Abin da na riƙe nasa
bai wuce tarin asuba ba,
da farin gari a gashin ido ranar Juma'a,
da tafin hannu mai kaushi
wanda in ya shafa kaina nake gocewa.

Rumfar mai shayi ta durƙusa.
Ɗakin da leburori ke kwana tara-tara
akuya ce ta haihu a ciki.
A bango wani ya yi zanen gawayi, layi-layi,
lissafin buhu ne ko na bashi, oho,
ya tsaya a arba'in da shida
ba wanda ya dawo ƙarasawa.

Sikelin yana nan inda aka bar shi.
Tsatsa ta kama allurarsa a kan kilo bakwai.
Iska yake aunawa,
da ƙadangaru masu shan hantsi.

"Mi kaka biɗa, yaro?"
Wani tsoho ne da garma a kafaɗa.
Na ce ramin Nomau.
Ya dube ni har na tsargu.
"Goshin ga nashi na. Taho."

Muka bi ta tsakanin ramuka, ɗaya bayan ɗaya,
kowanne da sunan mai shi a bakin tsohon:
na Sahabi, da ya koma kiwon raƙuma,
na Bube Gajere, na Altine da ƙanensa.
Wani ya wuce bai kira suna ba,
ya dai rage murya, ya yi salati.
Ban tambaya ba. Bakin ramin a rufte yake,
tumfafiya ta fito a kai tana furewa.

Na ubana na can ƙarshe, dab da ƙafar tsauni.
Na zo da shirin ganin duhu,
sai na tarar da ruwa.
Damina ce ta cika shi, kore shar,
da kwaɗi, da inuwar gajimare, da fuskata.
Wani yaro ya zura tiyo
yana shayar da fadamar albasa.

Tsohon ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da tsakuwa.
"Ni Arzika. Ni ka awo zamanin nan.
In ubanka ya kawo ɗari,
tis'in da biyar nika rubutawa.
Haka anka ce in yi, haka niy yi.
Ya sani. Bai taɓa ce min komi ba."

Na nemi fushi a ƙirjina,
na tarar ya riga ni gajiya.
Na tuna ginin ofishinmu mai hawa uku,
da yadda nake jingina da bangonsa in rana ta yi zafi.
Wa ya sani ko kafaɗar Nomau ce
nake ta jingina da ita ban sani ba?

Na tsinci ɗan dutse, na ɗaga shi ga rana.
Haske ya ratsa shi kamar ƙanƙara.
Na sa a aljihu, kusa da kuɗin komawa.

La'asar ta yi. Tsaunukan suka miƙo inuwa
har kan masallacin da liman ke jan mutum huɗu.
Da zan tafi, Arzika ya shiga fadama,
ya tuge albasa, ya yi ta turawa a buhu
har baki ya ƙi ɗauruwa.
Muka wuce sikelin, ni da shi da kayan.
Bai ko kalle shi ba.