Lissafin Gurasa

Ran Talata Malam Isiyaku ya rubuta a allo:
kalori ɗaya, jul huɗu da ɗigo biyu.
Kalori, in ji shi, zafi ne ɗan ƙanƙani,
mai ɗaga giram ɗaya na ruwa mataki ɗaya.
Jul kuma ma'aunin aiki.
Duk kanwar ja ce, ya ce,
kamar tiya da mudu:
hatsin ɗaya ne, kwanon ne ya bambanta.

Da aka tashi ban nufi gida ba.
Na ratsa Ƙofar Mata, na iske Baffa a rumfar bugu,
shi da Mamuda suna fuskantar juna,
shadda kwance kan gungume a tsakaninsu,
kim, kam, kim, kam,
wani na sauka wani na tashi.

Na jinjina ɗan bugunsa da hannu biyu,
zai yi kilo biyar.
Rabin mita yake kai shi sama,
jul ashirin da biyar ke nan duk ɗagawa.
Gurasar da ya karya da ita,
ta Jakara, mai ƙuli da man gyaɗa,
na ƙiyasta mata kalori dubu ɗari biyu,
na ninka, na raba a bayan littafi,
na ce, Baffa, gurasa ɗaya
ta ishe ka bugu dubu talatin da uku da ɗari shida.

Ya sharce goshi da ɗan yatsa, ya yarfar.
Ya ce, Uwani, tun kafin azahar ta bar cikina.
Ko dai malaminku bai taɓa ɗaga wannan abu ba,
ko kuwa mai gurasa ta cuce ni.
Mamuda ya yi dariya har ya kuskure bugu.

Washegari na kai ƙara.
Malam ya ce lissafinki daidai ne, jiki ne ɗan kamasho:
in ka ba shi biyar, ɗaya zai kai wa aiki,
huɗu su fice a zafi.
Ga numfashi bai daina ba,
ga zuciya na nata bugun har cikin dare
ba mai biyan ta.

Yau na koma rumfar.
Na ɗora tafina kan shaddar da suka gama,
da ɗumi, kamar bayan jinjiri.
Ran Juma'a wani zai saka ta ya shiga sahu yana sheƙi,
bai san karin kumallon Baffa ne a kafaɗarsa ba.

Na faɗa masa haka.
Ya ce, to, 'yar boko,
jul nawa ne naira ɗaya?

Na buɗe littafi, na duba gaba, na duba baya.
Akwai jul zuwa kalori, akwai kalori zuwa jul.
Wannan dai babu.

Ya laluba aljihu, ya miƙo ɗari biyar duk shuni,
ya ce jeki ki sayo mana guda biyu,
ki ce ta ƙara ƙuli.