Almakashi

A ƙofar kotun Gadarif nake sayar da shayi,
shekara goma sha ɗaya, gindin darbejiya guda.
Kujeruna bakwai, ɗaya ƙafarta ta karye,
kuma ita masu zagi suka fi so, ban san dalili ba.

Ustaza Sa'adiyya na giftawa da baƙar jakarta
sai bakuna su motsa kamar an watsa wa kaji tsaba.
"Ga almakashi nan."
"Ungulu ta jiyo warin gidan wani."
Wani direban tarakta ya rantse ita da Shaiɗan
ofishinsu ɗaya, tare suke biyan haya.
Aka kwashe da dariya, ni ma na dara,
mai sana'a ba ta faɗa da kofin da ba a biya ba.

Amma ina ganin abin da ke shiga ta ƙofar nan.
Aure ba ya zuwa da ƙafarsa,
a makara ake kawo shi,
kuma mai wankan gawa ba ita ta yi kisa ba.

Ni ma na taɓa tsayuwa a ciki
da Larabcina na sayen albasa da gawayi.
Alƙali ya zubo nasa na littafi,
ya tambaye ni wani abu, na gyaɗa kai don kunya.
Sai a waje masinja ya ce mini da Hausa:
"Baiwar Allah, kin fa yafe ciyarwar shekara uku."
Da gyaɗa kai ɗaya.
Ko zama ban yi ba.

Ban ce waliyyiya ce ba.
Kuɗinta take karɓa, har na takarda da na hatimi;
na san wadda ta sayar da 'yan kunne kafin ta ga fuskarta.
Na kuma ga ranar da ta tsaya wa Bawa mai gyaran rediyo
da surukai suka hana shi ganin ɗansa wata tara.
Ranar matan layinmu ne suka karɓi zagin daga bakin maza.
Kowa da ranar da take zame masa ungulu.

Ma'aunin da ke ciki, ban ce na ƙarya ba ne,
amma na ga awon riɗi a kasuwa:
allura ba ta cuta, sai dai wa ke tsaye kusa da buhu.
Mai gona dubu yana sa a ɗage zama har damina ta wuce,
mai goyo ta biya kuɗin mota daga ƙauye sau takwas
a ce mata fayil bai sauko ba.

Ran Laraba bayan la'asar direban nan ya dawo shi kaɗai.
Bai nemi karyayyar kujerar ba.
Ya yi ta juya cokali har shayin ya huce.
'Yarsa ce, ta fari.
Miji ya tafi haƙar zinariya can arewa, shekara huɗu,
ba saki, ba aike, ba labarin mutuwa.
Ya ce, "Tabawa, wane ɗaki ne nata?"
Na nuna masa da leɓe.

Dab da magariba ta fito, ta zauna, ta tuɓe takalma,
ƙafafun sun kumbura.
Jabana take sha, ba sukari, citta da yawa.
Ta ce, "Yau an kayar da ni."
Ban tambayi wa ke da gaskiya ba,
na ƙara mata gawayi a kasko.

Wani yaro a kan keke ya yi ihu, "Almakashi!"
Ba ta waiga ba.
Na so in ce tela ma da shi yake fara riga,
amma ruwa ya tafasa,
kuma akwai masu jira.