Tubalin Tumba

Ranar kasuwar Bunza, bayan an watse,
Tumba ta sauko daga mota da jaka a kafaɗa,
ta tsuguna bakin kududdufin da na tsufa ina kwaɓa,
ta ce, "Kaka, yau kai ne malami, faɗa:
me ke riƙe bango in ba siminti, ba ƙarfe?"

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Damina goma sha ba wanda ya kira ni gini
sai yaɓen rumbu da toshe akurki.
Gari ya koma bulo da kwano,
ɗakin da ke gasa mai shi kamar tsire tun hantsi.

Na ce, makuba, ɓawon ɗorawa da ya kwana a ruwa.
Na ce, katsin marina, da gashin majema,
da dafara a daka har ta ja yauƙi,
laso ke nan, wanda mamakon Agusta ke gaida shi ya wuce.
Na ce, je ki ga gara:
ba ta da jaki, ba ta da mangala,
da yawunta ta tada suri ya fi ni tsawo.

Tana rubutawa, biro na gudu.
Sai ta nuna sama, wajen da wata jar tauraruwa
ke leƙowa bayan isha ta kan giginyar Ɗan-Ige,
ta ce can ake so a yi gari.
Ba itace, ba gamba, ba gulbi,
kuma jirgin zuwa can mai ƙyashin kaya ne,
buhun siminti ɗaya ya fi garken shanu tsada.
Abin da mutum ya ci ya rage, da abin da ya shuka ya tsira,
da shi zai gina, da shi zai ƙera.

Ta zazzage jakar.
Ga wani tubali fari, sakayau kamar furen rimi,
ɓuntun shinkafar fadamarmu ne, in ji ta,
saiwar naman kaza ta bi shi cikin duhu, mako biyu,
ta ɗinke shi ba allura.
Ga kuma cokalin yaɓe, ruwan zuma,
daga ɓawon fara da ɓamɓarokin kifin da masunta ke zubarwa.

Ban yarda da abin da ban jefa ba.
Na ɗaga tubalin daidai kafaɗa, yadda ubana ke yi, na saki.
Ya yi tsalle, ya zauna, ko tsagewa.
Na taka shi da diddige.
Na yi shiru.

Can na ce, to azara fa?
Ta ce baka za a ja, irin na soron da na yi wa Magaji.
Na ce, ruwan sama?
Ta ce babu, bangon can numfashi yake tsarewa kada ya tsere.
Ni da na ƙare ƙarfina ina hana abu shiga,
jikata za ta hana abu fita.
Na ce, ina gabas in an tashi salla?
Nan biro ya tsaya. Ta ce za ta tambaya.

Ta bar mini tubalin kan turmi, ta bi motar asuba.
Kafin in dawo masallaci
akuyar Hajo ta cinye kusurwa guda,
tana tauna tana dubana, ba kunya.

Na aika yaro ya buga mata waya:
gininki ya ci jarrabawar ƙasa, ya faɗi ta akuya.
Ki shafe shi da makuba, ɗacinta na korar baki.
In kuma tafiyar ta tabbata,
ku ɗauki irin ɗorawa, ku bar awaki a gida.