Mwanakombo da Teku

A Jambiani, idan teku ta janye
ta bar rairayi fari kamar garin rogo,
Mwanakombo kan ɗaura ciyawar teku a igiya.
Shekara arba'in, ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba.

Ruwan da ke ciyar da ita
shi ya ci ƙanenta Makame, har da kwalekwalen.
Tun ranar take gaishe shi daga nesa,
gaisuwar da ake wa mugun maƙwabci.

Yau ga jikanyarta Pili
da jarkar man girki, wofi, an toshe baki.
"Rungume ta, Bibi. Kwanta da baya."
Can gaba samari na kokawa da iska a kan allo,
lemominsu na shawagi kamar shirwa.

Ta kwanta. Kunnuwanta suka cika da shiru.
Gishiri a leɓe, gaba na dukan uku-uku.
Pili ta zare hannu, ba ta faɗa mata ba.

Jarka ta suɓuce, ta yi gaba abinta.
Tsohuwa ba ta bi ta ba.
Tana ta kallon gajimare,
teku na tallafe da ƙeyarta
kamar mai neman gafara.