Majigin Luba

Bayan la'asar Luba ta iso Bakura,
jaka a baya, kwali a hammata.
Ta ce, "Kaka, ara mini bangon zaurenka,
yau manoman shinkafa za su ga tsutsa
ta yi girman akuya."

Na ce bangon ya sha hayaƙin shekara talatin.
Ta shige ɗaka, ta fito da farin zanen gado.
Arzika ya kafa ƙusa huɗu,
a ta huɗun ya daki ɗan yatsa, ya yi salati.

Teburin mai shayi munka aro.
Ƙafarsa guda gajera ce,
sai da anka yi mata matashi da gutsuren tubali.
Majigin kuwa bai fi ƙwaryar fura ba.
Ni da na san majigi tun ina ɗan tara:
mota ce sukutum, da ƙaho bisa kanta,
faifai biyu na juyawa suna ƙara,
mu yara a ƙasa, cikin rairayi,
muna cafkar ƙwarin da ke iyo cikin haske.

Ta warware baƙar igiya mai faffaɗan baki,
ta soka guda a ƙeyar majigi,
guda a haƙarƙarin kwamfuta.
Ya ƙi.
Ta juya shi. Ya ƙi.
Ta maido shi yadda yake da fari,
ya shige kamar bai taɓa gardama ba.

Nomau ya ja janareta sau shida,
tari, tari, tari, sannan ya kama.
Fitila ta buɗe idonta guda.
Zane ya rine shuɗi,
shuɗi zalla kamar yanzu anka tsamo shi a marina,
da kalmomin Turanci biyu na yawo a kusurwa.
Na ce, "Me suke cewa?"
Ta ce, "Wai ba su ga juna ba, Kaka."
Arzika ya ce, yana tsotsar yatsa,
"Igiya ɗaya ta ɗaure su, amma ba su gaisawa?
To, ai haka gidan wana yake."

Anka yi dariya. Luba ba ta yi ba.
Gumi ya tsattsafo a karan hancinta.
Ta danna maɓalli biyu tare,
ta nuna wa hoto ƙofar da zai bi.
Sai ga shi ya faɗo bisa zane,
sama a buɗe, ƙasa a tsuke,
dishi-dishi kamar idona kafin aikin Gusau.
Ta ɗaga hancin majigi da littafin bashin taki,
ta kama zoben gilashi
tana murzawa sannu, sannu.

Zaure ya yi tsit.

Ba tsutsa ba ce.
Tumba ce.
Hoton da yarinyar ke ajiye a fuskar kwamfutarta:
kakarta a bakin fadama, lauje a hannu,
ɗankwali ya zame, tana dariya,
har da giɓin nan na gefen hagu.
Damina uku ke nan da munka kai ta makwanci.
Ga ta tsaye, ta fi ƙofa tsawo,
bisa zanen da hannunta ya saba wankewa,
iska na kaɗa shi, ƙirjinta na motsi.

Luba ta kai hannu da sauri.
Na ce, "Bari."
Ban san muryata ta fita ba sai da Nomau ya cire hula.

Daga baya an nuna tsutsar.
An ce ta kai akuya, an ce har ta fi.
An yi tambayoyi kan feshi har bayan lisha.
Kada ku tambaye ni.
Ni dai da anka kashe fitila,
ni na cire ƙusoshin,
ni na naɗe zanen, da sauran ɗuminsa.